Notin da Na Ɗaure da Nauyina

Nasarawa GRA, Kano
Ranar Laraba

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Safiyya da amaryata Ilham, jikar nan tawa da ta fi kowa ƙarfin murya a zuri'armu. Allah Ya tsare ku a zaune, Ya tsare ku a tafe, Ya sa komawarku Jos ranar Asabar ta zama buɗi a gare ku, amin.

Ka san ni ba mutumin rubutu ba ne. Sakandaren ma da na yi, rabinta a gareji na ƙare ta. Kullum da safe kana kira ka gaishe ni, in buɗe baki zan yi maganar nan, sai in ji ina tambayarka lafiyar yarinya in kashe waya. Bakin ya ƙi faɗa, shi ya sa na bar wa hannu, tunda dama hannun ne ya yi ɓarnar.

Abba, gaskiya ka faɗa. Bayan motarka yana rawa. Ba taya ba ce, ba hanya ba ce, ba tsoron Safiyya ba ne. Aikina ne. Wallahi har yanzu da nake rubutun nan jikina bai gama dawowa daidai ba. Jiya na tayar da sallar La'asar sai na rasa raka'a ta nawa nake, don idona ba ya ganin komai sai tayar nan. Ka zauna ka karanta a tsanake, zan faɗa maka yadda abin ya tafi tun daga tushe, don kada wata rana kai ma ka yi wa naka ɗan irinsa.

Tun farko ba ka roƙe ni in taɓa motarka ba. Ka zo ka ce an mayar da kai ofishinku na Jos, na tambaye ka da wace mota za ka tafi, ka ce da taka. Na ce ƙaramar motar nan mai birkin diram a baya? Na san hanyar nan tun ina bin manyan motoci. In ka wuce Saminaka ka shiga hawa da gangara, diram yakan ɗauki zafi, birki ya yi laushi a ƙafa. Wannan gaskiya ce, har gobe ina kanta. Amma abin da ya kamata in yi shi ne in faɗa maka, in bar ka ka yanke shawara, tunda da guminka ka sayi motarka. Sai na miƙa hannu na ce ba ni makulli. Ka ba ni, don ba ka iya musu da ni ba. In ka girma a cikin gidanka, ka lura da wannan: shirun da ɗa yake yi wa uba ba kullum ba ne yarda.

Na aika wa Alhaji Ɗanlami, abokina tun muna yaran gareji, wanda yanzu yake sayar da kayan mota a Ƙofar Ruwa. Ya turo min faifan birki irin na dis guda biyu, waɗanda zan sa a madadin diram, da duk kayan haɗinsu, 'yan Kwatano masu kyau. Ina da makanikai da ke kula da tirelolina, kowanne zai iya aikin nan, amma na ce ba mai taɓa motar ɗana sai ni. Na cire babbar riga, na shimfiɗa kwali a gindin mangwaron nan na kusa da get, na kwanta. Maƙwabcinmu tsohon alƙali zai fita, ya sauke gilashi ya ce, "Alhaji, an koma gidan jiya ne?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ni ban taɓa barinsa ba." Na ji daɗin amsar nan tawa har cikin raina. Ban tsaya na tuna cewa rabona da kwanciya a ƙarƙashin ƙaramar mota tun kana rarrafe ba.

Da na zare diram na sa faifan, sai na dubi boltocin nan huɗu da taya take zama a kansu, na ce ai faifai zai cinye musu tsawo. Ban auna ba, ido kawai na sa. Na buge gajerun na fitar, na sa aka kawo dogaye na saka. Na mayar da taya, na ɗora sifana a kan noti, na taka da ƙafa, na sakar mata nauyina gaba ɗaya har sai da notin ya yi kuka. Haka maigidana na gareji ya koya min, haka na koya wa duk wanda ya bi ta hannuna, haka kuma ake yi a kowane bakin titi a garin nan. In mutum kamata ya hau sifana ta ƙi motsi, an gama magana.

Na mayar maka da motarka, sai ranar Juma'a da kuka zo cin abinci bayan masallaci. Ka yi ta kewaye-kewaye kafin ka ce, "Baba, birkin yana kamawa sosai, Allah Ya saka da alheri. Sai dai Safiyya ta ce in mun ɗan taka tana jin bayan yana kaɗawa."

Na ce, "Kai ka ji a sitiyari?"

Ka ce, "A'a, Baba."

Na ce, "To yaushe Safiyya ta zama makanike?"

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Amma na ci gaba, na ce na ɗaure tayar tirela tun ba a haife ka ba, na ce digirinka bai taɓa riƙe sifana ba, duk a gaban matarka, tana zaune ta sunkuyar da kai da yarinya a cinya. Ka ajiye makulli a kan tebur ka ce, "Allah Ya huci zuciyarka, Baba. Ga ta nan, in ka samu sarari ka ɗana." Kuka fita titi kuka tari adaidaita zuwa Hotoro. Ina kallonku ta taga, ina ce wa kaina yaran zamani ba su san godiya ba. Ka gaya wa Safiyya ta yafe min. Ita ce ta fara jin abin da zai kashe ku, ni kuma na mayar da ita abin dariya.

Washegari mahaifiyarka za ta je barka a Gawuna, na ce ta shigo in kai ta a motarka, don in samu mai shaida. Ta zauna a baya saboda tana riƙe da kular miya. Cikin unguwa lafiya lau. Muna hawa titin Hadeja na ɗan taka, sai na ji ta ce, "Alhaji, wannan kujera ce ko injin niƙa?"

Na ce, "Hanya ce."

Ta ce, "Hanyar da muke bi kullum? Yau ta sake hali?"

Na ce, "Hajiya, ku mata in kun haɗa baki ba a raba ku."

Ta ce, "To ka tambayi miyar nan, ita ba ta haɗa baki da kowa ba, ga ta nan a zanina."

Sitiyari yana hannuna lumui, ko motsi ba ya yi. Ina shirin ba ta amsa sai ga wani mai adaidaita ya matso gefena, ya zuro kai yana dukan jikin kekensa yana ihu: "Alhaji! Alhaji! Tayarka ta baya! Rawa take yi, za ta fita!"

Abba, ban san lokacin da na gangara gefe ba. Na fito na dubi tayar hagu, tana tsaye kamar ba ita ba. Na ɗauko sifana na hau kowane noti, ko gezau. Na tsaya a bakin titi da sifana a hannu, mutane suna wucewa suna kallona, ni da na yi rayuwata a cikin ƙarfe, na rasa abin da nake gani. Mahaifiyarka ta fito da kularta ta ce, "Ni dai na sauka ke nan, sai mun haɗu a gida." Ta hau keken mutumin nan ta tafi. Na lallaɓa motar na dawo da ita kamar mai tura baro.

Ga abin da na sani tun da daɗewa, amma girman kai ya rufe min shi ranar Juma'a. Rawar tayar gaba a sitiyari take fitowa, direba ne yake jinta. Rawar tayar baya a kujera take fitowa, na zaune a baya ne suke jinta. Saboda haka in matarka ta ce maka daga baya tana jin wani abu, kada ka ce kai ba ka ji ba. Ba za ka ji ba. Ka tsaya kawai.

Ko a nan ban zargi kaina ba. Na kira Ɗanlami na ce ya sayar min da faifai karkatacce. Ya ce, "Ni? Ka jira ni, ina zuwa in ga ƙaryarka da idona." Ranar Litinin da hantsi ya iso, ya ja kujerar maigadi ya zauna a inuwa, ya ce, "To, Injiniya, bismillah. Ni kallo na zo."

Na ce bari mu fara da taya, don mu cire ta daga zance. Muka ɗaga motar a jak, na kai tayar baya gaba, na kawo ta gaba baya. In taya ce ta kumbura ko rim ne ya lanƙwashe, rawar za ta bi ta ta koma gaba. Na zagaya layin bayan gidanmu a hankali, Ɗanlami yana bina a motarsa yana kallo. Da muka tsaya ya ce, "Ta gaba tana tafiya kamar amarya. Ta baya kuwa har yanzu kalangu take bi." Wato ba taya ba ce, ba rim ba ne. Matsalar tana nan inda na yi aiki.

Na sake ɗagawa, na kama tayar sama da ƙasa da hannu biyu na jijjiga. Na ji wani ɗan motsi, kaɗan ƙwarai, wanda in ba ka kasa kunne da tafin hannu ba ba za ka ji ba. Na ce, "Shi ke nan, boris ɗin da taya take juyawa a kansa ne ya ci." Har na ji sanyi a raina, don boris ba ni na taɓa shi ba.

Ɗanlami ya ce, "Ka fi so ya zama boris, ko? To bari in taka maka birki mu gani."

Ya shiga ya danne birki. In boris ne, da birki ya kama faifai motsin zai ɗauke. Na jijjiga, motsin yana nan. Na sake, yana nan. Na ce, "Ka taka da kyau mana!" Ya ce, "Ƙafata ta kai ƙasa, malam, sai dai in fasa motar."

Saura faifansa. Na cire tayar, na ce yau zan kunyata shi. Don a gwada faifai dole a matse shi a mazauninsa ba tare da taya ba, sai na shiga sito na ɗauko tsofaffin notina irin na da, masu buɗaɗɗen kai, na sa musu washa na ɗaure. Na kafa alli a kan bulo, bakinsa yana ɗan shafar faifan, na juya. In karkatacce ne, allin zai taɓa wani gefe ya tsallake wani. Sai ga layi ya zagayo cif, ba inda ya yanke. Ɗanlami ya tafa hannu ya ce, "Allahu Akbar! A kira maigadi ya zo ya yi shaida. Alhaji, ka biya ni mutuncina."

Ni kuwa idona ya riga ya sauka a kan boltocin. Sun zarce notin, sun fito waje zaƙo-zaƙo. Na juya na ɗauki ɗaya daga cikin notin motarka. Ka san su, masu ƙyalli, masu rufaffen kai kamar an sa musu hula. Na leƙa cikinsa a hasken rana. Can ƙarshen hular, ƙarfen ya goge ya yi fari tas, har ya lotsa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Abba, sai da na zauna a ƙasa.

Ka gane abin da ya faru? Boltin da na sa ya yi wa notin tsawo. Kan boltin yana isa ƙarshen hula tun notin bai kai ga matse taya ba. Duk hawan da nake yi wa sifana, noti nake matsewa a kan bolti, tayar kuwa tana tsakani a sake. A zamaninmu noti a buɗe yake, in bolti ya yi tsawo sai ya leƙo waje ka gan shi. Wannan ya ɓoye min. Da ƙafata ta ce ya ɗauru, ya ɗauru ɗin, amma bai riƙe komai ba.

Na kwance tayar da ta fara zama a wurin, wadda muka kai gaba, na duba ramukan rim ɗinta. Sun fara cinyewa, sun tashi daga zagaye sun koma kamar ƙwai, ga garin ƙarfe toka-toka a gefensu. Ɗanlami ya daina dariya. Ya sauko daga kujera ya durƙusa, ya ce in ba shi ƙaramar guduma. Ya ɗan ƙwanƙwasa boltocin ɗaya bayan ɗaya yana saurare. Da ya zo kan na ƙasa, bai ma buga da ƙarfi ba, sai kan boltin ya ɓalle ya faɗo a kan kwali. Muka duba karayar. Fiye da rabinta ta riga ta yi baƙi, alamar ya tsage tun kwanaki, ɗan abin da ya rage ne yake riƙe da shi. Nauyina ne ya fara tsaga shi, rawar ta ƙarasa.

Can Ɗanlami ya ce, a hankali, "A wane gefe suke ɗaure kujerar yarinyar?"

Shi ma ya sani, yana ganinta ta gilashi. Tana gefen hagu, daidai saman tayar.

Tun daga lokacin nake ganin gangaren nan na hanyar Jos, ga kaya maƙil a but, ga tirela tana tahowa, kai kuma hankalinka kwance don babanka ne ya yi aikin da hannunsa. Da ba ka yi magana ranar Juma'a ba, ko da ka ji tsoron faɗana ka ɗauki makullinka ka tafi, da mutane za su cika gidan nan suna ce min ƙaddara ce, ni ma in yarda, har in mutu ban san ni ne ba. Mun buɗe ɓangaren dama, shi ma haka yake, bai dai kai ga tsagewa ba.

To ka riƙe waɗannan, don na saye su da tsoron da ban taɓa ji ba. Duk ranar da aka taɓa maka taya ko birki, ko wane ne ya taɓa, kada ka hau babban titi sai an ɗaga motar ka kama tayar da hannunka ka jijjiga. Kada ka yarda da taurin noti. Ka sa a ɗaura notin a kan bolti ba tare da taya ba, ka ga iya inda yake tsayawa, ka gwada da kaurin rim. In ka yi 'yar tafiya, ka tsaya a sake bin notin. In mota ta fara sabon hali bayan gyara, ka fara zargin gyaran kafin ka zargi hanya, ka fara da inda hannu ya taɓa na ƙarshe. Ni na bi ta taya, na bi ta boris, na bi ta abokina, sai da na rasa wanda zan ɗora wa sannan na dubi aikina, alhali da shi ya kamata in fara. Kuma kada ka bar kowa ya hau maka sifana da ƙafa, ko da ya kai ni furfura. Akwai sifana mai ma'auni, wadda take yin ƙas in ɗauri ya kai. Na daɗe ina cewa ta ragwaye ce. Jiya na aika an sayo min.

Abu na ƙarshe ya fi sauran nauyi a bakina. Ranar Juma'a ka yi min ladabi, Allah Ya yi maka albarka. Amma da ka ajiye makullin nan ka ƙi tafiya da motar, wannan ya fi ladabin amfani. Can inda za ka, za ka haɗu da manya masu ɗaga murya irina, waɗanda suka saba ba a mayar musu da magana. Ka rusuna musu, ka sassauta harshe, amma in ran mutum ne a ciki kada ka janye abin da ka gani.

Yanzu an sa boltoci masu tsawon da ya dace a ɓangarorin biyu, an sauya rim ɗin da ya cinye, an sa sababbin noti. Na zagaya da ita har bayan Hotoro, Ɗanlami yana zaune a baya, ya ce ko ruwa a kofi ba zai zube ba. Ni ma a ganina ta yi. Amma ganina ne ya kai mu inda muka je, saboda haka ba zan aiko maka da makulli ba. Ka zo gobe da safe da tufafin da ba ka jin tausayinsu. Za mu ɗaga ta tare, ka kwance kowane noti da hannunka, ka leƙa, ka ɗaure, ka jijjiga. In ka gamsu, ka ɗauki motarka. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ko ka ce a mayar maka da diram ɗinka yadda yake, ba zan ce uffan ba, kuma ga tawa babbar nan ku tafi da ita har a gama. Tun da na bar gidan maigidana ban taɓa cewa wani ya duba min aikina ba. Kai nake roƙo ka zo ka duba.

Mahaifiyarka tana gaishe ku, ita za ta kawo maka takardar nan da kanta. Allah Ya kai ku lafiya, Ya sauke ku lafiya, Ya kare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, da kuskuren wanda yake ƙaunarku. Allah Ya raya Ilham, Ya albarkaci aikinka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam.

Mahaifinka